LAMBUN BAYAN ƊAKI: GANYEN MIYA A KUSA DA MURHU

Mu mutanen Dole Kaina da kewaye ba mu da ta cewa a kan ruwa. Ga Kogin Kwara, wanda ake kira Neja a littattafan makaranta, yana wucewa ta gefenmu bayan ya taso tun daga duwatsun ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Jamhuriyar Nijar. Ga kifi, ga shinkafa, ga fadama. Amma duk da haka, in aka leƙa tukwanen gidajenmu daga watan Maris zuwa Mayu, da wuya a ga ɗanyen ganye a ciki. Yau kuka, gobe busasshiyar kuɓewa, jibi kuma a koma kuka. In uwargida tana son alayyahu ko lawashi sai ta jira ranar kasuwa, ta saya da tsada, ta kawo gida ya riga ya yi yaushi.

Abin da muke so mu nuna wa ɗalibanmu da iyayensu a nan shi ne, fili ɗan ƙarami a bayan ɗaki, wanda bai wuce taki uku a tsawo da biyu a faɗi ba, ya isa ya riƙe tukunyar gida da ɗanyen ganye har damina ta sauka. Ba ya bukatar injin ban ruwa, ba ya bukatar takin zamani. Ruwan da muke zubarwa a tsakar gida kowace safiya shi ne jarinsa.

Zaman bakin iyaka ya koya mana wani darasi game da dogara ga kasuwa. A watan Agusta na 2019 gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokin ƙasa, ba a fara buɗe su ba sai Disamba 2020. A watan Yuli na 2023 sojoji suka karɓi mulki a Yamai, aka sake rufe iyakar Nijar har zuwa Maris 2024, aka kuma tare gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil ta ƙasar Benin, mutane suka koma ƙetarewa da kwalekwale. A shekarar 2023 ɗin ce kuma aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi, duk abin da ake ɗaukowa daga Kamba ko Aliero ya tashi tare da shi. A irin waɗannan lokuta magidanci yakan sayi hatsi tukuna, kayan miya su ne suke fara fita daga lissafi. Tuwo yana nan, ciki yana cika, amma miyar ta zama ruwa da gishiri.

To, cikar ciki daban, ƙoshin jiki daban. Ɗanyen ganye mai duhun kore, irin su zogale da alayyahu da lalo, yana ɗauke da sinadarin da jiki yake juyawa ya zama bitamin A. Rashin wannan bitamin shi ke kawo dundumi, wato yaro ya kasa gani sosai da magariba, yana kuma rage wa jiki ƙarfin yaƙi da ƙyanda da gudawa. Akwai kuma sinadarin ƙarfe da ke gina jini, wanda mata masu ciki da 'yan mata masu tasowa suka fi kowa bukata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kamata babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa a rana. Kowa ya auna abin da ya ci jiya ya gani. Ba kuwa labarin wata ƙasa mai nisa muke ba: a 2022 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta buɗe wurin jinyar yara masu tamowa a Maiyama, a nan cikin Jihar Kebbi.

WURI, SHINGE DA RUWA

A zaɓi wurin da rana take samu da safe, amma inuwar ɗaki ko ta katanga take rufe shi bayan azahar. Zafin watan Afirilu a wajenmu ba wasa ba ne, ƙaramin tsiro ba ya jure masa yini guda cur. A nisanci bakin masai da inda ruwan makewayi yake bi.

Kafin a sa iri ko ɗaya a ƙasa, a yi shinge. Mun sa wannan a gaba domin lambuna da yawa ba fari ne ya kashe su ba, akuya ce. Kara ko zana ko ƙaya duk suna yi, sai dai a toshe ƙasan da kyau saboda kaji, domin kaza ɗaya tana iya tone aikin sati biyu kafin a gama karin kumallo. Tsohon gidan sauro da ya yage, wanda ba ya sauran amfani a gado, yana hana kaji da ƙadangaru, ya kuma rage zafin rana.

Sai a sassauta ƙasa zurfin kamu ɗaya ko fiye, a gauraya ta da ruɓaɓɓen kashin shanu ko na awaki. Ruɓaɓɓe muka ce. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa. A yayyafa ɗan toka daga murhu, a jiƙa wurin, a bar shi kwana uku zuwa mako guda.

Waɗanda gidajensu ke gangare kusa da kogi suna da tasu matsalar. Kwara yana cika sau biyu a shekara. Akwai cikar damina, wajen Agusta zuwa Oktoba, mai jan ruwa da laka, wadda ruwan saman yankinmu yake kawowa. Akwai kuma ta biyu da ke isowa da sanyi, wajen Disamba zuwa Fabrairu, wato ruwan da aka yi a Gini wanda ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali kafin ya zo mana. Ta farkon ce mai ɓarna, kamar yadda aka gani a 2020 lokacin da ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi. Mai irin wannan gida ya tayar da kunyarsa sama, ko ya shuka a tsofaffin buhuna da fasassun tukwane da bokitan da suka huje, waɗanda za a iya ɗagawa a kai tudu. A tabbata akwai huda a ƙasan kowane mazubi don ruwa ya tsiyaye.

Game da ruwa kuwa, a lissafa abin da gida ɗaya yake zubarwa: ruwan wankin shinkafa, na surfe, na wanke ganye da kifi, na ɗauraye kwanuka, na wanke hannu. In aka ajiye bokiti guda a gefen madafi ana tara su, ya ishi ƙaramin lambu. Ruwan wanki mai kumfar omo da ruwa mai gishiri ko mai maiƙo ne kawai ba a so. A yi ban ruwa da sassafe ko da yamma, a gindin tsiro, a kuma rufe ƙasar da ɓuntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa don kada rana ta shanye laimar. Wata dabara ita ce a binne tukunyar ƙasa wadda ba a shafe ta ba har wuya a tsakiyar kunya, a cika ta da ruwa, a rufe bakin. Ruwan zai riƙa tsatsafowa ta jikinta a hankali zuwa saiwoyin da ke kewaye. Wanda zai yi tafiyar kwana biyu ko uku ba ya da damuwa. Rufe bakin wajibi ne, in ba haka ba mun yi wa sauro gida.

ME ZA A SHUKA?

In za a shuka abu ɗaya tak, to a shuka zogale. Asalinsa daga arewacin Indiya yake, amma ya daɗe da zama ɗan gida. Maƙwabtanmu Zabarmawa suna kiransa windi bundu, wato icen shinge, kuma sunan ya faɗi inda ya kamata a dasa shi: a jere a jikin shingen lambun, ya zama dirka ya zama abinci. Ana shuka ƙwayarsa, tana tsirowa cikin mako ɗaya zuwa biyu, ko a sari reshe mai kauri a kafa da damina. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar shi ya miƙe ya wuce rufin ɗaki, ganyen ya koma can sama inda sai da gora. Da ya kai ƙugun mutum a datse kansa. Zai yi rassa ta gefe, ganye ya yawaita inda hannun yaro ma zai kai. Ba ya son ruwa ya kwanta masa a gindi, saboda haka kada a dasa shi a kwari.

Alayyahu shi ne mai saurin biya. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai a gauraya shi da yashi kafin a watsa don kada ya tsiro a cunkushe. Cikin sati uku zuwa huɗu an fara ci. Maimakon a tumɓuke, a yanka sama a bar gindin ya sake tohowa. Kada kuma a shuka kunyar duka rana ɗaya. A raba ta uku, a riƙa shuka kashi guda duk bayan sati biyu, ta haka ba za a sami ranar da ya yi yawa har ya tsufa ba, ko ranar da babu.

Lalo yana da taurin kai wajen tsirowa saboda ɓawon irinsa. A ƙulle irin a ƙyalle, a tsoma a ruwan zafi na ɗan lokaci kaɗan, kamar a ƙirga goma, a fitar a shanya, sa'an nan a shuka. Yakuwa, wadda mu a ƙasar Sakkwato da Kabi muka fi sani da sure, ita da 'yar uwarta rama ba sa ba da wahala. Sure kuwa ba a yar da komai nata: ganye a miya, jan ƙoƙon furen a yi zoɓo, 'ya'yan a yi daddawar batso.

Sai masu ƙamshi, waɗanda kaɗan ake sawa amma su ke sa a san an yi girki. Ɗoɗɗoya tana kamawa daga iri ko daga reshe. A riƙa tsinke furenta da zarar ya fito, domin in ta yi 'ya'ya sai ta daina ba da ganye. Na'a-na'a reshe ɗaya daga gidan maƙwabta ya isa, amma a ba ta tukunyarta ita kaɗai a inuwa kusa da randa, don tana son laima kuma tana mamaye wuri. Albasa ba sai an je Aliero neman iri ba: gindin da ake yankewa a yar, mai 'yan saiwoyin nan, a dasa shi, cikin kwanaki zai fito da lawashi. Barkono gindi biyu ko uku ya ishi gida.

Citta ce ba mu ba da shawarar a wahala a kanta ba. Tana son inuwa da dogon ruwan sama irin na Kudancin Kaduna, wajen Kachiya da Kwoi, tana kuma cin wata takwas ko fiye a ƙasa. A saye ta busasshiya a kasuwa, a bar wurin ga abin da ƙasarmu take so.

Wani abin da ba a saba gani ba a nan shi ne shuka kuka kamar alayyahu. A ƙasar Mali, wajen Segu, akwai matan da suke shuka 'ya'yan kuka kusa da juna a kunya, suna tsinkar ɗanyen ganyen tun tsiron yana ƙarami, ba tare da jiran ya zama itace ba. Sai an jiƙa irin ko an ɗan kankare ɓawon kafin ya tsiro da wuri. Ɗaliban ajin aikin gona suna iya gwadawa a gefen kunya guda.

In tsutsa ko ɗan ƙwaro ya sauka, a ƙaramin lambu hannu ya fi komai: a duba bayan ganye da safe a tsince. In sun yi yawa, a daka ganye ko 'ya'yan dogon yaro, a jiƙa su kwana, a tace a yayyafa da yamma. Maganin feshin da ake sayarwa a kwalaben da ba su da rubutu, wanda aka yi don auduga ko wake, kada ya kusanci ganyen da za a tsinka gobe a ba yaro.

DAGA LAMBU ZUWA AKUSHI

Mafi sauƙi shi ne kwaɗo, wanda muke kira datu, Zabarmawa da Dandawa kuma suke yin irinsa su ce kopto. A zage ganyen zogale daga tsinkayensa, a wanke, a dafa har ya yi laushi, a tsane. A daka ƙuli-ƙuli da barkono da ɗan gishiri, a dama da ruwa kaɗan, a yanka albasa da tumatir in akwai, a zuba cokali ɗaya ko biyu na man gyaɗa, a cakuɗa. Ɗalibin da ya dawo gida hutu zai iya yin wannan ba tare da ya jira kowa ba. In aka jiƙa garin rogo aka haɗa, ya zama abincin rana sosai. Rama ma haka ake yi mata, sai dai ita akan zubar da ruwan farko saboda tsami.

Man nan da muka ambata ba don daɗi kawai ba ne. Sinadarin da ke zama bitamin A ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo. Ganyen da aka dafa da ruwa da gishiri kaɗai, wani ɓangare na amfaninsa wucewa yake. Man gyaɗa, manja, dakakkiyar gyaɗa ko riɗi, kowanne ya samu ya yi. Haka kuma ɗan lemun tsami ko ɗanyen tumatir yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfen da ke cikin ganye, shayi mai kauri kuwa yana hanawa. Mai ƙarancin jini ya raba shan shayi da lokacin cin abinci.

Tun da shinkafa ce amfanin gonarmu, dambu ba zai yi wuya ba. A ɓarza shinkafa ko a sami tsakin masara, a wanke a tsane, a turara a madambaci har ya fara nuna. A juye a kwano, a gauraya da ɗanyen zogale da albasa da attarugu da dakakkiyar gyaɗa, a mayar a sake turarawa. A ci da mai da yaji. Turare ya fi tafasawa riƙe amfanin ganye, domin babu ruwan da za a zubar.

Miyar sure da kifi kuwa ba sai mun koya wa matan bakin kogi ba. Busasshiyar tarwaɗa, daddawa, gyaɗa, barkono, sure ya shiga daga baya. Inda muke da magana shi ne kanwa. Ana sa ta don ta kashe tsami, ta sa ganye ya nuna da wuri, ta ƙara wa lalo yauƙi, amma tana lalata wasu bitamin, musamman in ta yi yawa. Gyaɗa tana rage tsamin sure, haɗa shi da alayyahu ma yana ragewa. Ganyen da aka tsinko yanzu daga bayan ɗaki yana da taushi, ba ya bukatar kanwar da tsohon ganyen kasuwa yake bukata. In ma za a sa, ɗan ƙyas ya isa. Mun san iyayenmu mata za su ce haka suka gada, kuma gaskiyarsu ne, sai dai su ma sun san miyar da aka cika wa kanwa tana ɓata ciki.

Ƙa'idar dai ita ce ganye ya shiga tukunya a ƙarshe. A wanke shi kafin a yanka, ba bayan an yanka ba. Alayyahu minti biyar ya ishe shi a dafa-duka ko faten tsaki. Ɗoɗɗoya a farfesun ƙarfasa ko na kaza ana jefa ta ne dab da saukewa, in ta daɗe a wuta ƙamshin ya gudu. Lawashi a yanka a soya da ƙwai biyu, an sami mahaɗin burodi. Na'a-na'a a zuba mata tafasasshen ruwa a kofi, ko a sa a zoɓo.

Ga masu goyo: yaron da ya cika wata 6, aka fara ba shi kunu tare da nono, ana iya zuba masa ƙaramin cokali na garin zogale mai laushi a kunun, da ɗan dakakkiyar gyaɗa. A fara da kaɗan. Ganyen muke nufi. Saiwa da ɓawon zogale ba abinci ba ne, mai ciki kuwa ta nisance su. Har ila yau, kada wani ya ji an yabi ganye ya ɗauka ya maye gurbin asibiti. Ana yawan faɗin cewa zogale yana maganin cuta kaza da kaza, har a tasha ana tallarsa a kwalba. Mu dai abinci muka san shi. Yaro mai zazzaɓi, ko wanda ƙafafunsa suka kumbura, ko ya rame ya ƙi cin abinci, wurin ma'aikatan lafiya za a kai shi a ranar.

AJIYA DA IRI

Da damina lambu yakan ba da fiye da abin da gida zai ci. A nan ne ake tanadin bazara. Yawancinmu mukan baza ganye a kan tabarma a tsakiyar rana, ya bushe ya koma ruwan toka, ga ƙura ga kaji. Hasken rana kai tsaye yana cinye sinadarin bitamin A. A shanya a inuwa inda iska take ratsawa, a cikin rumfa ko a ɗaki mai taga, a baza shi ba kauri, a riƙa juyawa. Cikin kwana uku zuwa huɗu zai bushe yana nan kore. A daka, a tankaɗe, a zuba a gwangwani ko kwalba mai murfi, a ajiye a wuri mai duhu. Ganyen albasa ma haka ake kirɓa shi a dunƙula a busar ya zama gabu, wanda ya fi ɗanɗanon kanti arha.

Wanda ya tsinko da yawa, ko ya sayo tumatir, yana iya riƙe su ɗanye na kwanaki ba tare da firji ba. A sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa. Ruwan da ke bushewa ta jikin babbar tukunya shi ke janye zafi daga ciki, kamar yadda randa take sanyaya ruwa. Wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa wannan dabara a ƙauyukan Arewa, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Ta fi aiki da rani lokacin da iska take a bushe, wato daidai lokacin da muka fi bukatarta. A riƙa jiƙa yashin safe da yamma.

Daga kowane irin ganye a bar gindi ɗaya ko biyu mafi ƙarfi, kada a taɓa su, su yi fure su yi 'ya'ya. In kan alayyahu ya bushe, a yanke shi a karkaɗe a cikin ƙwarya. Kwanson lalo da na sure a cire su kafin su fashe da kansu. Na zogale a bar shi ya bushe a jikin itace har ya koma ruwan ƙasa. A gauraya irin da ɗan toka saboda ƙwari, a zuba a kwalba, a rubuta suna da wata a jiki. Irin zogale ba ya son daɗewa, gara a shuka shi kafin shekara ta zagayo. Ɗaliban da za su tafi hutun Disamba su ɗebi nasu a ƙullin takarda, domin alayyahu da lalo da aka shuka a ƙarshen sanyi, wajen Fabrairu, su ne za a ci a Maris da Afirilu.